Keken Ɗan Fari

In ka taɓa kwanciya kan gadon ƙarfe a asibitin mishan na wajen Madawa a shekarun baya, to ka kwanta kan aikin Yohanna, ko ka san shi ko ba ka san shi ba. Shi ke gyaran gadaje da kekunan tura marasa lafiya. Gajeren mutum ne mai ɗan ɗingishi, magana kuwa sai ka roƙa. Asalinshi wani ƙauye ne bayan Tabotaki, gidan azna masu yanka a gindin dutse. Yana saurayi gyambo ya ci mishi ƙafa, aka ɗoro shi bisa jaki aka kawo asibiti. Ƙafa ta warke, shi bai koma ba. 'Yan'uwanshi suka musulunta, shi ya shiga majami'a, kowa da kiwon da ya karɓe shi.

Shekara talatin yana atiliye, ɗakin gyare-gyaren asibiti, doka guda ya riƙe: ba a shafa fenti bisa tsatsa. In ya kama sandar gado da samfefa, daga wannan kai sai wancan kai, har ƙarfe ya yi fari. Barmo mai walda, abokin aikinshi, yakan ce, "Kai dai ko kanka ya yi tsatsa sai ka kankare shi!" Yohanna ko ɗaga ido ba ya yi.

Ɗan farinsu shi da matarshi Susana shi ne Shadrak. Addini ya sake, amma kunyar ɗan fari tana nan yadda suka gada. Ba uwa ba uba, babu wanda ya taɓa kiran sunan nan da bakinshi. "Yaron nan" suke cewa, har ya yi gemu. Ya gama lekwal, wato makarantar boko, ya zama mai allurar rigakafi, wata likita Baturiya da za ta koma gida ta bar mishi kekenta. Keke ne na ƙarfe mai kaurin taya, da haƙoran sarƙa jere-jere a baya, irin wanda ke hawa tudun duwatsu ba a sauka a tura. Ran da ya samu, Shadrak ya ɗauki ƙusa ya zana sunanshi a sandar tsakiya, don kada wani ya yi mishi aron da ba mayarwa.

Bazarar 1995 sanƙarau ya shigo. Shadrak na can yana zagayen ƙauyukan Bangi, wuya ya sanƙare mishi. A amalanken jaki aka dawo da shi, keken na ɗaure a gefenshi. Kwana biyu ya yi, rai ya yi halinshi.

Mutane sun zo gaisuwa, an yi waƙa, fasto ya yi addu'a. Susana ba ta yi kuka gaban kowa ba, ina uwa ina kukan ɗan fari a bainar jama'a? Yohanna kuwa ba dauriya ya yi ba, kukan ne babu. Ya duba cikinshi bai tarar da komai ba. Ranar Litinin ya koma atiliye ya kama gado na gaba. Yana cin tuwo, yana zuwa sujada, in an gaishe shi ya amsa. Shi ke nan.

Aka jingine keken a jikin rumbu. Damina uku ta wuce ta kanshi. Tayoyi suka tsattsage, sarƙa ta daskare, kaji suka maida sirdin wurin kwana. Idon Susana kuma ya yi yana, sai inuwar abu take gani. Amma kowace safiya, in za ta rijiya, takan tsaya ta bi sunan nan da babban yatsa, harafi harafi, sannan ta ɗauki bokiti ta wuce. Yohanna na gani. Ita ma ta san yana gani.

Wata safiya ya ga yatsan nata ya yi ja. Da ta fita ya je ya duƙa. Ashe inda ƙusa ta ratsa fenti nan ruwa ya samu ƙofa, tsatsa ta bi zanen tana cin bakin haruffan. Damina guda ta ƙara, ba abin da zai saura sai ɓarɓashi.

Da ta dawo ya ce, "Zan tahi da keken ga in gyara."

Ta ce, "Wurin nan fa, Malam."

"Na sani. Ba ni taɓa shi."

Ya tura shi zuwa atiliye. Ya kwance komai, ya jiƙa sarƙa cikin kananzir, ya wanke ƙananan ƙwallayen ƙarfe ɗaya bayan ɗaya, ya miƙe wayoyin ƙafa da suka lanƙwashe. Shirinshi a fili yake: zai kankare ko'ina, ya bar tafin hannu guda inda sunan yake, ya bi shi da mai da tsumma a hankali. Har alli ya sa ya kewaye wurin.

Ranar Laraba da hantsi ya ɗaure gangar jikin keken a tebur ya kama samfefa. Ya yi sandar ƙasa. Ya yi ta sirdi. Barmo na gefe yana ta zuba labarin wani kamiyo, motar ɗaukar albasa, da ya kife a hanyar Ƙwanni. Yohanna ba ya sauraro, ba kuma tunani yake ba. Tun shekara uku haka yake aiki, hannu na tafiya, mai hannun ba ya nan.

Sai ya ji Barmo ya ce, "Kai, sannu da aiki! Ka fidda shi tas, kamar sabon cokali."

Ya duba. Sandar tsakiya fara fat, daga wannan kai har wancan kai. Ba alli, ba tsatsa, ba suna. Jar ƙura ce kawai a tafin hannunshi da gaban rigarshi.

Ya tsaya yana jiran wani abu ya taso mishi a ƙirji. Wallahi babu abin da ya taso. Ya kakkaɓe riga.

Mako biyu bai faɗa wa Susana ba. Ya ɗauko Littafi Mai Tsarki na yaron, inda yaron da kanshi ya rubuta sunanshi a shafin farko, ya ajiye gabanshi. Ya samu guntun bututu yana gwadawa da ƙusa, yana gogewa, yana sakewa. Hannun da bai taɓa karkacewa ba, sai ga shi ya koyi karkacewa irin ta yaro mai gaggawa. Sannan ya shafa wa keken jan fenti na shafin farko, ya bi da shuɗi sau biyu, ya sa sababbin tayoyi. Da fenti ya bushe, ya zana sunan daidai inda yake dā, ya rufe da baranis, man ƙyalli mai tare ruwa. Barmo ya sa ido ya duba ya ce ko mai shi ya dawo ba zai gane ba.

Da la'asar ya turo keken gida, sarƙa na ɗan ƙara mai daɗi. Maƙwabta suka leƙo suna sa albarka. Ya jingine shi jikin rumbu, wurinshi.

Susana ta goge hannu a zane ta matso. Ta shafa sirdi, ta gangaro sandar tsakiya, yatsa ya samu wurin. Ta bi har ƙarshe. Ta koma farko ta sake bi, a hankali.

Ta ce, "Wanga hannunka na, Malam."

Ya ce, "I."

"Ka iya aiki," in ji ta. Ba da zafi ta faɗa ba. Ta koma madafa ta ci gaba da tuƙa tuwo.

Washegari Yohanna na zaune bakin ɗaki yana ɗaura takalmi, ta fito da bokitinta. Ta bi ta gaban rumbu, ta wuce keken ba ta tsaya ba.