Ruwan Kifin Arzika

Arzika Ɗangiwa haifaffen Jabo ne, amma a Tambuwal ya yi gemu. Yana ƙarami iyayensa suka rasu, ƙanwar ubansa, Goggo Atu, ta tafi da shi Kebbe ta riƙe shi har ya yi wayo. Daga nan ya bi mota. Ya kama sitiyari daidai lokacin da aka ba Sakkwato jiharta, kuɗin fetur suka sa kowane maigida yana mafarkin bene. Siminti yake ɗaukowa daga Ikko a tirela. Direbobin zamanin kowa da tsarabarsa: wani rediyo mai kaset, wani fanka tun lantarki bai iso unguwarsu ba. Arzika kifi ya kawo.

Wani Bature ne a inda yake lodi a Apapa zai koma gida, ya rasa wanda zai bar wa akwatin gilashinsa. Arzika kuwa duk zuwan da ya yi sai ya tsaya gaban akwatin nan har a yi ta kiransa. Ruwan teku ne a ciki, da duwatsun murjani masu ramuka, da wani ɗan kifi tsawon yatsa, bayansa shuɗi kamar an tsamo shi daga marina, ƙirjinsa ruwan goro. Yini yake yana tsattsagar gansakuka a jikin dutse, in ya ga inuwa ya faɗa rami. Baturen ya ce a harshensu sunansa ɗan ƙaramin mala'ika. Arzika ya san malaman garinsu, sai ya haɗiye wannan suna ya raɗa masa Ɗan Ikko.

Doka ɗaya Baturen ya nanata masa. Ruwan da zafi ya shanye a mayar da ruwan daɗi, don gishirin yana nan bai tafi ba. Wanda hannu ya ɗiba kuwa, sai ruwan teku, kuma gishirin miya ba ya maye gurbinsa. Ya haɗa masa da wata 'yar kwalba mai iyo, in gishiri ya ragu sai ta nutse.

Yadda kifin ya iso Tambuwal da rai, Allah ne kaɗai ya sani. Arzika ya sa shi a ɗakin ƙasa mafi sanyi, ya lulluɓe akwatin da jiƙaƙƙen buhu kamar randa, ya haɗa injin iska da batirin mota. Matarsa Na'inna ta leƙa ta daɗe tana kallo.

"Maigida, yaushe za shi girma a soya?"

"Ya gama girma."

"Wanga? Ko mussa ba ta tashi daga kwana dominai."

Maƙwabcinsa Gidaɗo tela shi ya fara. Yana da wani ƙaiƙayi a ƙwauri da ya ƙi jin magani, kuma ya taɓa jin cewa ruwan teku ba ya barin cuta a fata. Ya roƙi cikin ludayi ya shafa. Ko ruwan ne, ko ƙaiƙayin ne ya gaji, oho. Gidaɗo dai ya warke, kuma bakin tela ba ya ɗinkuwa. Kafin kasuwa ta sake ci, masu ciwon baya da masu amosanin kai sun san ƙofar gidan Arzika, kowa da 'yar kwalbarsa.

Mutum yana iya hana gero, yana iya hana aron keke, amma ba a taɓa jin wanda ya hana ruwa ba. Su ma masu karɓa ba marasa tarbiyya ba ne. Wanda aka aiko wa tuwo ba ya mayar da akushi wofi, saboda haka duk wanda ya ɗibi moɗa ɗaya sai ya zuba moɗa ɗaya ta ruwan rijiya, mai kyau, tatacce, don kada ya bar wa maigida giɓi. Arzika yana hanya, Na'inna tana yi musu godiya.

Ya dawo ya tarar da 'yar kwalbar Baturen ta nutse har wuya. Shuɗin Ɗan Ikko ya koɗe kamar tsohon zane, ya daina tsattsaga, yana laɓe a rami yana haki. Masu magani kuwa ba wanda ya yi ƙorafi. Ruwan rijiyar unguwarsu suke shafawa, rabi da rabi, suna ta samun sauƙi.

Tafiyar da ta biyo baya ya ɗoro duro biyu na ruwan teku a kan siminti. Ɗaya ya riƙa ba kifin kaɗan-kaɗan har launinsa ya dawo. Ɗayan ya girke a ƙofar gida, ya ce kowa ya ɗiba kyauta. Gidaɗo ya zo ya sunsuna.

"Wanga ai ba kowa cikinai."

"Ruwan teku na, Gidaɗo. Wuri guda anka ɗebo su."

"Na ji. Mu dai wanda kifin ya sha muka so."

Duron waje ya yi ta shan rana har ya yi wari aka zubar. Na ciki ya ƙare, damina ta faɗi, hanya ta lalace, ba ranar komawa Ikko. Arzika ya sayo kwaɗo ya rufe ɗakin. A masallaci ana amsa gaisuwarsa a taƙaice, a mahauta ana yi masa awo ba gyara. Ya daure. Da hantsi yakan shiga ya zauna a kan turmi yana kallon Ɗan Ikko yana zagaya duwatsunsa, ya ji duk Tambuwal ba ta dame shi ba.

Magana ba ta jiran hanya ta gyaru. Ran nan da azahar sai ga Goggo Atu an sauke ta daga babur, tana dogara sanda, mai babur yana biye da jarka biyu, ɗaya wofi ɗaya cike.

"Arzika, an ce mini ka hana ruwa. Na ce ƙarya ta, ɗan da ni goya ba ya haka. Buɗe in gani."

Ya duƙa ya gaishe ta. Ya yi zancen hanya, ya yi zancen shuka. Ta bar shi ya gama, sannan ta nuna kwaɗon da sanda. Ya buɗe.

Ta ce gwiwoyinta ne, sai kuma na maƙwabta da suka ba ta saƙo. Da hannunta ta riƙa kamfata da ƙwarya, yana riƙe mata da mazurari, yana kallon ruwan yana sauka har kan duwatsun suka fito. Wannan bai kashe masa jiki ba, kifi zai iya zama a rabin ruwa. Sai ya ga ta jawo jarka ta biyu.

"Goggo, bar shi hakanan. Wallahi na yafe."

"Ni in ɗauki abin mutum in bar mai giɓi? Wanga ba na rijiya ba na. Daga gulbi ni sa anka ɗebo shi, inda kifin ƙwarai ka zama. Dubi yadda ɗan naka ya tsumbure."

Hannunsa ya kai bakin jarkar. Ya dubi tsofaffin hannuwan da suka kawo ta tun daga Kebbe. Maganar tana bakinsa, amma sai ya ji kansa yana cewa, "Kawo in kama miki." Tare suka tuttula.

Kafin la'asar Ɗan Ikko ya kwanta a gefe ɗaya. Goggo ta riga ta kama hanya, tana sa albarka. Arzika ya haƙa ɗan rami a gindin bishiyar bedi ya rufe shi.

Ya yi shekaru yana zuwa Ikko bayan haka, har siminti ya daina tafiya ya koma jigilar albasa, bai sake tsayawa gaban akwatin kifin kowa ba. Goggo Atu ta jefar da sanda, ta rayu har ta ga jikokinsa. Ba wanda ya gaya mata kifin ya mutu. Duk wanda zai zo Tambuwal daga Kebbe sai ta ba shi saƙo, a gaida Arzika da iyali, a gaida kifi.

In saƙon ya iso, Arzika yakan ce, "Za shi ji."