Malam Gauraya da Gidan Inna

A hukumar gidaje ba mai tuna sunansa na yanka. Malam Gauraya ake ce masa. Ya samo sunan ne ranar da ya miƙe a taro, ya buga tebur, ya ce garin nan ya daɗe a rabe, mu nan, su can tsallaken layin dogo, ko gaisuwa sai ta kama dole. Don haka a sabon rukunin gidaje, kada 'yan unguwa ɗaya su haɗa katanga. Aka tafa masa. Shi da bakinsa yake cewa har a barci yana jin tafin nan.

Da aka zo rabo ya samu gida, Inna mahaifiyarsa ma ta samu. Ga ta da ciwon gwiwa, shi kuwa burinsa ta zauna jikin katangarsa, ko tari ta yi ya ji. Ya tafi wurin shugaba yana sosa ƙeya.

"Ranka ya daɗe, ai uwa ba 'yar unguwa ba ce."

"A ina ta haife ka?"

"A unguwarmu."

"Wa ya kawo dokar?"

"Wani mai surutu ne, ranka ya daɗe."

Aka kai Inna can ƙarshen layi, kusa da tankin ruwa, maƙwabciyarta wata tsohuwar nas 'yar tsallake, mai kare da rediyo mai ƙara. Matar Malam Gauraya ta ce masa, "Ka koma ka buga musu tebur mana, ko hannun ne ya gaji?"

Bai haƙura ba. Ya yi ta zarya daga wannan ofis zuwa wancan har takalminsa ya buɗe baki, daga ƙarshe aka yarda a yi musanya saboda lalura. Ya ɗauko mai amalanke, yana tafe yana washe baki. Sai ya tarar da Inna ta miƙe ƙafa a barandar nas, ana mulke mata gwiwa da man zafi, karen na kwance a gefe.

"Inna, tashi, na samo miki gida kusa da ni."

"In je in yi me? Kai allura ka iya, ko hira?"

Nas ta dube shi ta saman tabarau. "Wannan ne ɗan naki mai dokar?"

"Shi ne. Tun yana ƙarami bakinsa ke riga shi isa wuri."

Haka ya sallami mai amalanke. Yanzu kullum da yamma sai ya taka har tanki ya gaishe ta. In ya tarar hira ta yi daɗi, ya jira a kan dakali, shi da karen. Abokan aiki in suka tambaye shi ko dokar ta yi amfani, sai ya ce, "Sosai ma. Mutum ɗaya ta ware a garin nan, ga shi a gabanku."