Tsayuwar Baba a Ƙarshen Fim

Babana tsohon soja ne. Ya yi yaƙin basasa, daga baya ya kama aikin gadi a wata masana'anta a Chikaji har ƙarfi ya ƙare. Boko kam ko harafi ɗaya bai sani ba, dangwala yatsa yake yi. Amma a zancen fim ɗin kaboyi da na yaƙi, kada ma a ja da shi. Tun zamanin silima a Sabon Gari ya san 'yan wasan nan da fuska, kowa ya raɗa masa suna: akwai mai tafiyar agwagwa, akwai mai ƙanƙance ido kamar an haska masa tocila.

Yana da wata al'ada. In fim ɗin yaƙi ya ƙare, rubutu ya fara hawa sama, sai ya cire hula ya miƙe ƙam, ba zai zauna ba sai layin ƙarshe ya wuce. A saninsa, sunayen sojojin da suka mutu a wancan yaƙin ne ake jerowa. Na kaboyi ba ya tashi, wai su rigimar shanu ce ta kashe su. Tun ina firamare na san gaskiya, amma ban taɓa faɗa masa ba. Ta ina zan fara?

Bayan na yi aure a Samaru, inda maigidana yake koyarwa a jami'a, Baba ya zo mana daga gidansa na Jushi wata Lahadi bayan an taso daga coci. Ya tarar da abokan aikin maigidan a falo, sun sa wani tsohon fim ɗin yaƙi marar kala. Ba na so a yi wa ubana dariya a gidan aurena. Da na ga fim ya zo gangara, na ce masa tuwo na hucewa a ciki, ya ce tuwon ya jira.

Rubutu na fara hawa, Baba ya miƙe. Wani matashin malami, mai bakin tsiya, ya tambaye shi ko lafiya. Da ya ji dalili sai ya kwashe da dariya har da buga cinya, ya ce ai ba wanda ya mutu, waɗannan 'yan wasa ne da masu ɗaukar hoto da wanda ya rubuta labarin. Allah ya sani, kwanon miya ne a hannuna, saura ƙiris in juye masa a ka.

Baba bai zauna ba. Ya nuna talabijin, ya ce, "Wanda ya rubuta ɗin, yana cikinsu?"

Maigidana ya mayar da fim baya, ya karanta masa sunan. Baba ya ce wannan mutumin ko ya je yaƙi, ko ya zauna da wanda ya je. Ya tuna mana sojan nan na fim da yake ta kwance igiyar takalminsa yana sake ɗaurewa kafin a fara harbi. Ya ce haka wani ɗan Kafanchan yake yi a rukuninsu, har ranar da bai dawo ba.

"Ya cancanci a tsaya masa," in ji Baba. "Namu ne dai ba wanda ya rubuta."

Sai ya fara kiran sunayen abokansa da suka mutu a yaƙi, ɗaya bayan ɗaya, kowa da garinsa. Maigidana ya tashi tsaye, sauran suka bi. Mai dariyar nan shi ne na ƙarshe, kansa a ƙasa. Ni kuwa na dire kwano, na yago takarda daga littafin aikin 'yata, na durƙusa a bakin tebur ina rubutawa. Ban taɓa alfahari da ubana kamar ranar ba.

Da ya gama, shafi ya kusa cika. Ya leƙo takardar da ba zai iya karantawa ba, ya ce, "Karanta min su, 'yata, kada ki tsallake kowa."

Na karanta. Bai mayar da hularsa ba sai da na kai sunan ƙarshe.