Shanun Alhaji da Ba Su Hau Shafi Ba

Shekarun da na yi ina aiki da ƙungiyar dillalan shanu a Jibiya, aikina shi ne ɗaukar hoton kowace dabba da bayaninta, in tura wa shafin ƙungiyar a intanet, don masu saye daga kudu su gani kafin a loda mota. Sabis ɗin bakin iyaka ba shi da tabbas, wani lokacin ma wayar sai ta kama layin Nijar. Idan na ce zan tura ɗaya bayan ɗaya, sai ya yanke a tsakiya. Don haka na rubuta wani ɗan shiri a kwamfutata, wanda ke haɗa hotuna da bayanai da yawa cikin ƙunshi guda, kowane kashi da alamar da ta raba shi da na kusa, ya cilla su gaba ɗaya. Na'urar da ke karɓa a Katsina sai ta amsa cewa saƙo ya iso.

Akwai wani dattijo da ke shigo da shanu daga wajen Maraɗi, kowa Alhaji yake ce masa. Wata ranar kasuwa ya same ni a rumfa, ya ƙi zama. Ya ce shanunsa ba sa fitowa a shafin, amma na wani dillali, wanda kowa ya san maƙwabcina ne, ba su taɓa fashi ba.

"Ɗana, gaya mani gaskiya. Wa ya sa ka?"

Na rantse, na nuna masa amsar na'urar. Ya ce shi bai san karatun wannan abu ba, idona yake karantawa.

Daga nan ni ma na fara zargi. Na zargi matar da ke kula da shafin a Katsina, don na taɓa jin tana ƙorafin cewa baƙi sun cika ƙungiyar. Na zargi maƙwabcin nawa, har na daina barin kwamfutar a rumfa idan zan tafi sallah. Shi kuma da ya lura, ya rage gaisuwa.

Da abin ya ishe ni, na sa shirin ya buɗe mini amsar gaba ɗayanta. Ashe "ya iso" ɗin nan na ƙunshin ne kawai. A ciki kowane kashi yana da tasa amsar, kuma na Alhaji duk an mayar da su, saboda lambar wayarsa ta Nijar ce, shafin kuwa ta Najeriya kaɗai ya sani.

Na buga wa matar waya. Ta ce ba da gangan ba ne, haka mai gina shafin ya bar shi, kuma ta sa an gyara. Sai dai saurin amsarta ya tsaya mini a rai, kamar wadda ta daɗe da sani.

Alhaji ya saurari bayanina har ƙarshe, ya ce to, Allah ne masani. Shanunsa sun fara fitowa, ya yi ciniki mai kyau kafin babbar sallah. Amma har na bar aikin, duk ranar kasuwa sai ya jawo benci ya zauna kusa da ni, ba ya tashi sai ya ga hoton kowane sa nasa a shafin da idonsa.