Saura Kiris

Ko mai kawo takardar kuɗin wuta bai san sunansa na gaskiya ba. Saura Kiris kowa ke ce masa, daga 'yan makaranta har tsofaffin da suka yi aiki tare a masaƙa, kuma amsawa yake da fara'a kamar an naɗa shi sarauta. Matarsa kaɗai ke ce masa Malam. Shi kuwa Shugaba yake kiranta, wai don duk jawabin da zai yi sai ta amince tukuna.

Da can mai kula da sito ne a masaƙar. Ranar da aka rufe ta, ma'aikata suka yi cirko-cirko a bakin ƙofa, wasu har da hawaye, sai ya haye kan wani tsohon duro ya kama magana ba tare da ya shirya komai ba. Ya ce musu mai haƙar rijiya yakan ajiye diga a daidai lokacin da bai fi kamu ɗaya ba tsakaninsa da ruwa. Can ya ɗaga hannu ya ce, "Saura me?" Wani shaƙiyyi daga baya ya ce, "Kiris!" Aka kwashe da dariya, masu kukan ma suka dara. A ranar ya samu sana'a da suna lokaci guda.

Daga nan ƙafarsa ba ta zauna ba. Makarantu na kiransa gab da jarrabawa, ƙungiyar direbobi ta kira, masu koyon sana'a su kira. Ya sayi lasifika mai batir da farin hankici na share gumi. Yana da ƙa'ida guda wadda bai taɓa karyawa ba: shi dai tambaya yake yi, kalmar nan ba ta fita daga bakinsa. "In ni na faɗa, maganata ce, a kan benci za su bar ta," in ji shi. "In su suka faɗa, tasu ce, da ita za su je gida." Idan kuma amsar ta fito a sanyaye, sai ya kama kunne ya ce, "Na baya ba su ji ba!" har sai rufin ɗakin ya amsa.

Matar ce ta sha wahalar wannan baiwa. A gaban madubin kabad ɗinsu yake gwaji kowace safiya, ita tana gefe a kan keken ɗinki, allura a baki. Ya yi ta zuba, ya juyo ya jefa mata tambayar, ita kuwa ko sau ɗaya ba ta taɓa ba shi amsar da yake so ba.

"Malam, kwanon rufin nan fa yoyo yake yi."

"Saura me, Shugaba?"

"Saura in ɗauko bokiti."

Haka suka yi ta yi har yara suka girma suka watse, har gashin kansu ya yi fari. Takan ce wa ƙanwarta ita dai Allah ya nuna mata ranar da za ta ji ƙarar kekenta ba tare da wa'azi a kai ba. Ashe baki shi ke yanka wuya.

Wata rana ciwo ya same shi da hantsi yana ɗaura agogo, ɓarin jikinsa ya shanye. Ƙafa ta dawo a hankali, hannu ma ya ɗan saki, amma harshe ya yi nauyi. Likita ya gaya mata gaskiya: harshe kamar ƙafa ne, in Malam bai motsa shi a watannin nan na farko ba, zai iya tafiya ke nan. Malam ya gwada sau ɗaya, ranar da tsofaffin abokan aikinsa suka zo dubiya. Ya buɗe baki zai yi musu maraba, kalmar ta fito a karkace. Ɗayansu ya dafa shi ya ce, "Yi shiru abinka, kada ka wahalar da kanka." Da kyakkyawar niyya ya faɗa, amma mutumin da ɗaruruwa ke yi wa shiru su saurara, yau shi ake cewa ya yi shiru. Tun daga ranar ya kulle bakinsa, komai sai nuni da yatsa.

Ta samu shirun da ta roƙa, ta kuma tsane shi. Ta taka keke, ƙarar ta cika ɗakin, sai ta ji kewa ta kama ta har ta kasa zura zare. Ta yi lallashi, ta yi faɗa, ta kira 'yarsu a waya ta roƙe shi. Ya dai kalli bango. Tsoro ya shige ta sosai, don watannin da likita ya ambata suna ta tafiya.

Wata safiya ta taka kujera ta sauko da lasifikar daga saman kabad. Ta goge ta, ta sa sabon batir, ta saɓa farin hankicin a kafaɗa, ta tsaya a gaban madubi inda yake tsayawa.

"Jama'a!" Lasifikar ta yi ƙara har ita kanta ta razana. "Mai haƙar rijiya, in ya gaji, to ya gaji ke nan. Amma dai saura kiris! Na ce muku saura kiris!"

Ta madubi ta ga ya ɗago kai. Ta ƙara maimaitawa, tana kaɗa hankici kamar mai korar ƙuda. Ya buga hannun kujerar da yake zaune a kai da lafiyayyen hannunsa, ya girgiza kai da ƙarfi, fuska a murtuke.

"Mene ne, Malam? Ban iya ba?"

Ya nuna ta, ya nuna kunnensa, ya yi ta zana abu a iska.

"Ni fa tela ce, ban iya karatun yatsa ba. Shekara da shekaru ina jin abin nan, haka kake yi."

Ya sake buga kujerar, idonsa ya yi ja don takaici. Ta san sarai inda ta ɓata, da gangan ta ɓata. Ta ajiye lasifikar a kan gado, ta jawo kujerar ɗinkinta ta zauna dab da shi, gwiwa na taɓa gwiwa. Ta ɗaga hannu yadda yake ɗagawa.

"To, na gyara. Saura me?"

Ya daɗe yana kallonta. Leɓensa ya motsa, ya tsaya, ya sake motsawa. Gumi ya tsattsafo masa a goshi, ta bar shi, ba ta share ba.

"Ki… yis."

A karkace ta fito, rabi iska ce. Wannan ne kuma karon farko da ta taɓa jin kalmar daga bakinsa. Hawaye suka zubo mata, ba ta ɓoye su ba. Ta kama kunnenta da yatsu biyu, ta karkato kai wajensa.

"Malam," ta ce, "na baya ba su ji ba."