Ijazata a Hannun Baduku

Shekara tara na yi a Zariya gaban Malam ina karatun fiƙihu, kuma abin da na komo da shi gida bai kai tafin hannuna ba. Ijaza ake ce mata, wato takardar da malami ke rubuta wa ɗalibi cewa ya karanta littafi kaza a wurinsa, ya kuma yarje masa ya karantar. Tawa saɗara bakwai ce, baƙar tawada tsura, babu ja, babu ado. Malam ya yago ta ne daga gefen wata tsohuwar wasiƙa, shi ya sa gindinta ya fito a karkace kamar ɓera ya taɓa. A can ƙasa, daidai bakin karkatar, ya matsa sunansa da na malaminsa.

A ranar kuma aka rubuta wa abokin karatuna tasa, wani ɗan falke, a cikakken falle, har da fili a gefe. Littafi ɗaya muka karanta, kuma ni nake yi masa bita. Tun daga Zariya har gida ina tafe ina juya abin a raina. Malam auna mu ya yi? Nawa karatun ne bai kai ba? Sai bayan na tsufa na ji cewa shi da takardarsa ya je, wai haka ake yi. Ni ba wanda ya gaya mini.

Na iso Ƙarfi da kaka, ana yankan dawa. Mahaifina ya rasu tun ina can, Inna kaɗai na tarar. Ni ne ɗanta na fari, don haka ba ta kama sunana, sai dai "kai wannan". A bangon ɗakinta allon zayyanata ne rataye, wanda aka yi mini da na yi sauka ina ƙarami. Allo ne babba, tsawonsa ya fi kamu guda, ga ja, ga rawaya, ga kore, duk baƙon da ya shigo sai ya ɗaga kai. Da na miƙa mata ijazar ta juya ta gaba, ta juya ta baya, ta kalli allon, ta kalle ni.

"Sauran fa?" in ji ta.

Na ce ke nan.

Washegari kawuna ya zo daga wajen Gozaki. Wan Inna ne, Bamaguje, bai taɓa sa goshi a ƙasa ba, amma ba abin da yake girmamawa kamar rubutu. Ya goge hannu a warkinsa, ya karɓi takardar da yatsa biyu, ya auna ta da tafinsa.

"Ɗana," ya ce, "wancan allon shekara nawa ka yi kafin a ba ka?"

Na ce huɗu.

"Wannan fa?"

Na ce tara.

"To, an cuce ka. Ko kuwa ta fi ƙarfi ne shi ya sa aka rage ta?"

Na ji haushi, na fizge takardata na mayar cikin gafaka.

Daga nan rigimar inda za a ajiye ta ta tashi. Inna so take a gani. Na ce in aka manna ta a bango gara za ta cinye, in ta tsira daga gara hayaƙi ya gama da ita. Ta ce to abin da ke cikin gafaka wa ya san da shi? Mata suna ta shigowa yi mata barka, kowace ta tambayi abin da na kawo, Inna ta rasa abin nunawa sai tsohon allo. Na ga abin yana cin ta, amma a lokacin kaina ya fi ƙarfin wuyana, ban kula ba.

Abin da ke gabana shi ne zaure. A garinmu ba mai shimfiɗa buzu ya karantar da manya sai Liman ya yarda, Liman kuwa tsoho ne mai ƙa'ida, ba ya yarda da "an ce". Da na je gaishe shi ya ce in kawo takardar ranar Juma'a bayan an sauko, a karanta gaban malamai, in ta inganta in buɗe karatu. Ana cikin haka fatake suka kawo labarin rasuwar Malam. Na yi kuka, sannan na tuna cewa duk duniya yanzu ba mai sake rubuta mini saɗarar nan bakwai.

Kwana uku na yi a gonar kawu ina taya shi ɗaurin dami. Ranar Alhamis da la'asar na dawo, na buɗe gafaka, ba takarda. Na zazzage littattafai falle falle, na kakkaɓe tabarma, na leƙa har cikin tukunyar tawada kamar mahaukaci. Sai ga Inna ta shigo tana murmushi, hannunta a baya.

"Kai wannan, me kake nema?"

Ta fito da wata laya. Ban taɓa ganin laya mai girmanta ba, ta kai faifai. Jar fata ce mai sheƙi, an zagaye ta da koren ɗinki, ga tuntaye uku suna lilo, ga igiya saƙaƙƙiya ta ratayawa. Ashe baduku ta kai wa. Ta ce masa rubutun babban malami ne, a rufe shi yadda ya dace, a kuma ƙara masa jiki yadda za a hango daga nesa. Zaren da ta kaɗa tun farkon damina, wanda take tarawa a saƙa mata zane, shi ta ba shi.

Na karɓi abin, na jujjuya shi a hannu. A wurinta duk rubutun da malami ya ba mutum a 'yar takarda laya ce, laya kuwa ɗinke ta ake yi. Ina laifinta? Haka ta ga ana yi tun tana yarinya a gidan ubanta.

"Inna, gobe fa karanta ta za a yi."

"A karanta mana."

"Sai an farke."

Fuskarta ta canza. "Wa ya taɓa farke laya? Kana so abin ya koma kanka?" Har ta riƙe mini hannun riga. Na so in yi faɗa, wallahi na so, amma na kalli kan yatsunta da mazari ya cinye, na haɗiye.

Ranar Juma'a na rataya ta a wuya na tafi, tana dukan ƙirjina, mutane suna matsa mini hanya. Inna ta biyo ni daga nesa, ta tsaya bayan dangar gidan da ke kallon zauren Liman. Da ya ce ina takardar, na cire na ajiye a gabansa. Wani malami ya sunkuyar da kai, kafaɗunsa suna rawa. Liman bai yi dariya ba. Ya tambayi wanda ya yi wannan aiki, na ce mahaifiyata ce ta sa. Sai ya juya wa ƙofa baya yadda ba za a gani daga waje ba, ya ce a miƙo aska.

Fata, sai wata fatar, sai auduga cunkus, sai ƙullin zare. A can tsakiya ga takardata, an naɗe ta tsaf, kusurwa huɗu daidai wa daida. Tun kafin a warware gabana ya faɗi, don na san tawa ba ta da kusurwa huɗu.

Liman ya karanta a bayyane. Ga bisimilla, ga sunana, ga littafin, ga izinin. Saɗara shida. Ya juya bayanta, ya sake juyowa.

"Wa ya ba ka?"

Na faɗi sunan Malam.

"Na ji daga bakinka. A nan fa?"

Babu. Daga baya na je wurin badukun, ya ce gindinta a karkace yake, ba ta naɗuwa, shi ne ya daidaita ta da wuƙa. "Abin da na datse ai bai kai faɗin yatsa ba, Malam." Ya kasa gane abin da ya sa nake kallonsa haka. Guntun kuwa tuni an share shi da tarkacen fata.

Liman ya ce bai ƙaryata ni ba, amma takardar da ba ta faɗi mai ba da ita ba, ba ijaza ba ce. In ina so, in zo in zauna gabansa in sake littafin daga farko, in mun kai ƙarshe ya rubuta mini tasa. Shekara uku hakan ya ci. A ranar, kafin in tashi ya tattara fatar da audugar ya miƙo mini, ya ce a hankali, "A mayar a ɗinke, kada tsohuwa ta gani a haka."

Haka aka yi. Takardar ta koma gafaka, tana nan har yau, ba wanda ya sake neman ganinta. Layar kuwa, da auduga kaɗai a cikinta, Inna ta rataye ta kusa da allon. Mata suna shigowa suna shafawa, kawu ya taɓa aronta ya kai gonarsa ya ce dawa ta yi kyau a shekarar. Ni dai na bar gane komai.

Kullum da hantsi Inna tana hango ni daga bayan dangar nan, zaune dab da gwiwar Liman, littafi a buɗe, ina maimaita babin tsarki da na haddace tun gemuna bai fito ba. Wata rana na dawo, ta ajiye mini fura, ta zauna tana kallon bango.

"Kai wannan, ka gani ko?" ta ce. "Duk malaman garin nan kai kaɗai yake zaunarwa kusa da shi. Da ka kai masa ita tsirara yadda ka kawo ta, ai ko kallonka ba zai yi ba."

Na ce, "Haka ne, Inna." Na ɗauki ludayi.