Tsutsar da Ban Gani Ba

Cire tsutsar haƙori na gada daga mahaifina. Ana zuba 'ya'yan gautan kura da ɗan man kaɗe a kan garwashi, a kifa kasko mai huji, mai ciwo ya buɗe baki hayaƙin ya shiga. Daga nan ya tofa a ƙwaryar ruwa, sai ga tsutsotsi farare, sirara, suna yawo. Da idona nake ganinsu, mai ciwo ma yana gani. Da wannan sana'a na ci kasuwar Wara da ta Yelwa, har daga tsibiran cikin kogi ake aiko mini da kwalekwale.

Ɗana na fari shi ya yi boko mai zurfi. Ba na kiran sunansa, ba ma doguwar hira, haka muka taso da kunyar ɗan fari. Da aka ce mini aikin likitan haƙori ya tafi koyo can kudu, na ji daɗi. Na ce ashe gado zai riƙe, sai dai shi da kayan zamani. Ya dawo ba da daɗewa ba bayan an cire mu daga Sakkwato an ba mu jiha, aka tura shi asibitin gwamnati a Yelwa.

Ran da ya zo gaisuwa, ya tarar ina yi wa wani basarke, mai kamun kifi, hayaƙi. Ya tsaya gefe har muka gama. Wurin innarsa ya je ya faɗa, ita kuma ta kawo mini tare da tuwo.

"Wai babu tsutsa a haƙori."

"Wa ya ce?"

"Likitanka. Wai zafin wuta ne ke fasa 'ya'yan gautan, farin zaren cikinsu ya fito."

"To su waɗanda suka warke fa? Zaren ne ya warkar da su?"

"Ni mi na sani? Ci tuwonka."

Ban ci da daɗi ba. Shekaru nawa ya yi yana karatu a kan bakin mutum kaɗai, ya dawo bai ga abin da ko makaho zai laluba a ƙwarya ba?

Da damina ta faɗi, turmin haƙorina na ƙasa ya kama ciwo. Na yi wa kaina hayaƙi, tsutsa ta fita, ciwo ya lafa zuwa la'asar ya dawo. Na sake. Na sake kuma. Ƙwarya ta cika da tsutsa, kumatuna ya kumbura har hula ba ta zama daidai. Na zauna ina lissafi da kaina: tsutsa nawa ce za ta shiga haƙori guda?

Innarsa ta ce, "Malam, tashi ka tafi wurin yaron."

"In bi layi mutane su gan ni? Gobe wa zai zauna gaban kaskona?"

"In ka mutu ma ba mai zama."

Na naɗe fuska da rawani na shiga jirgin ruwa zuwa Yelwa. A bencin asibiti, mutum na farko da na gani wata mai sayar da busasshen kifi ce ta Wara, wadda na yi wa hayaƙi a kasuwar da ta wuce. Ita ma riƙe take da kumatu. Ta leƙo ƙarƙashin rawanin.

"A'a! Mai maganin tsutsa! Kai ma taka ta ƙi jin hayaƙi?"

"Gaisuwa na zo."

"Awo, ga gaisuwar nan ta kumbura maka fuska."

Bencin duka ya kwashe da dariya.

Da aka kira ni, yaron ya cire safar hannu ya durƙusa ya gaishe ni, sannan ya nuna mini wata kujera mai kwanciya. Tunda aka haife shi ban taɓa cin abinci a gabansa ba, yau ga ni rigingine, baki wangame, yana haska mini fitila har maƙogwaro. Shi ma kunya ta kama shi. Maimakon ya yi mini magana, sai ya riƙa gaya wa ma'aikaciyar da ke taya shi, "Ce wa Baba ya ƙara buɗewa." Ita kuma ta maimaita, alhali kunnena na kusa da bakinsa.

Ya yi mini allura, leɓena ya mutu, ya kama turmin da ƙarfe ya girgiza ya zare. Na miƙa hannu na karɓi abina. A bakin ƙofa na samu dutse na fasa shi. Rami ne baƙi a ciki, mai wari. Ba tsutsa.

Na koma ciki da auduga a baki, na ce wa ma'aikaciyar, "Tambaye shi, wa ya haƙa ramin?"

Ya sunkuyar da kai. "Wasu ƙananan halittu ne, Baba. Suna cin sauran abinci, su ci haƙorin. Ido ba ya ganinsu."

"Suna da rai?"

"Suna da shi."

"Suna ci, suna haƙa rami?"

"E."

"To ba tsutsa ke nan ba?"

Ya ce ba haka ba ne, amma kusan haka ne. Har yau ban gane ba. Tawa ana ganinta, ya ce babu ita. Tasa ba a ganinta, ya ce akwai.

Ciwon dai ya tafi. Labari kuma ya riga ni isa Wara, mai kifi ba ta bar kowa ba. Ranar kasuwa na shimfiɗa buhuna na hura wuta, mutane suna wucewa suna cewa in buɗe baki su ga giɓin. Har azahar mutum ɗaya ya zauna, wani tsoho daga tsibiri. Na duba bakinsa, na ga rami irin nawa. Na ce masa akwai likita a Yelwa, ya je can.

Ya ce shi dai tsutsarsa yake so ya gani a ƙwarya. Na zuba 'ya'yan gauta a wuta, ta fita, ya yi godiya. Da zai tashi na sake kwatanta masa hanyar asibitin.